Wai a kan ɗan Adam akwai kiɗa?

Nura Kwari: Yau maigidana ya ci min mutunci gaban kwastoma, wai na rikita lambar akawun mai lambobi goma da aka karanto min a waya. Jama'a ba sakarci ba ne. Wasu masana sun ce ƙwaƙwalwa da kiɗa biyu take riƙe abin da ka ji yanzu-yanzu: tita, mai bugawa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, da gama, mai wuce sau 30. A 1995 masana ƙwaƙwalwa Lisman da Idiart suka ce kowane abu yana hawa bugu ɗaya na gama, kuma wajen bakwai ne ke shiga bugu ɗaya na tita. To goma a ina za su zauna?

Malam Sani: Kiɗa? A kan musulmi? Nura gyara bakinka.

Nura Kwari: Allah gafarta malam, ba kalangu nake nufi ba. Lantarkin ƙwaƙwalwa ne da ake aunawa da wayoyi a fatar kai. Bajamushe Hans Berger ya fara auna na mutum tun 1924.

Anti Binta: Irin gwajin da ake wa masu farfaɗiya. Amma ni ban taɓa jin likita ya ce kiɗa ba.

Auwalu Kabuga: Kiɗa sai da makaɗi. Ka ce kaɗawa. Kuma bakwai ɗin nan tsohon zance ne, wani masani, Cowan, ya sauko da shi zuwa huɗu a 2001.

Nura Kwari: Ka ga ma ka ƙara wanke ni.

Malam Sani: Almajiranmu izu sittin ke kansu, wane bakwai?

Auwalu Kabuga: Malam, hadda daban, wannan riƙon daƙiƙoƙi ne.

Malam Sani: Ku 'yan boko komai daban ne.

Alhaji Ado: Mu a Singa yaro lissafin kwali ɗari yake a ka. 'Yan Kwari dama sai surutu.

Nura Kwari: Ranka ya daɗe, atamfa ba taliya ba ce.

Alhaji Ado: Taliyar kake ci ai.

Anti Binta: Ku dai maza.

Alhaji Ado (shugaban zaure): An rufe. Abin da aka cimma: Malam ya yi gaskiya, babu kiɗa a kan kowa, kuma Nura ya je ya ba maigidansa haƙuri, ya sayi biro. Duk wanda ya sake taɓa Singa zan cire shi.