Malaman nazare, da me kuke koyar da Turanci ban da allo?

Antin Nazare 2, Zariya
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara 34 ne a ajina, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Zangon da ya wuce mun yi ta rera "A for apple" har muryata ta dishe, amma ranar da na ɗaga ayaba na ce wa zai faɗi sunanta da Turanci, sai ajin ya yi tsit. Abin ya tsaya mini a rai. Yanzu ina so kowane mako in ɗauki jigo ɗaya, yara su riƙa taɓa abu da hannunsu. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni labarin yadda ta kaya, har da inda aka samu matsala.

Maman 'Yan Biyu, Kano
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki fara da makon kasuwa, ni shi ya buɗe mini ido. Ranar Juma'a na ce kowane yaro ya zo da abu ɗaya daga kicin ɗin mamansa ranar Litinin. Aka kawo tumatir, albasa, karas, lemo, wata ma da ƙullin gishiri. Na shimfiɗa tabarma, muka kasa kayan kashi-kashi kamar yadda ake yi a kasuwar 'Yankaba, murafan lemon kwalba suka zama kuɗi. Kalma biyar kawai na ɗauka: tomato, onion, carrot, orange, salt. Jimla kuma biyu, "How much?" da "Give me two, please."

Akwai wani yaro da tun da aka kawo shi ban taɓa jin muryarsa ba, kullum yana rakuɓe a jikin bango. Ranar Laraba na ba shi tiren albasa na ce yau kai ne mai kaya. Wata yarinya ta miƙo murfi ɗaya tana neman albasa uku, ya janye tiren ya ce "No! Three!" yana nuna yatsu. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Lissafi ma ya shigo ba tare da na shirya masa ba. Sai dai ki bar attarugu a gida, yara ba sa rabuwa da murza ido.

Malamin Ƙauye, Katsina
Malama, mu nan ba mu da kuɗin sayen kayan wasa na kanti, laka da karan dawa ne jarinmu. Makon dabbobi na ɗebo laka a bakin kududdufi, kowa ya gina abin da ake kiwo a gidansu. Yaro yana murza ƙafar akuya ina ce masa "leg", yana manna ƙaho ina ce masa "horn". Muka shanya su a taga kwana biyu, sannan muka yi musu garke da kara. Daga nan sai umarni: "Put the goat in. Take the cow out." In da out ɗin nan da na sha wahalarsu a allo, da garken kara suka zauna. Zaki da giwa na bar su sai gaba, tunda babu wanda ya taɓa ganinsu a cikin yaran.

Anti Mai Haƙuri, Bauchi
Ni kam bari in faɗi inda na yi tuntuɓe. Makon shuka muka yi, kowane yaro da gwangwanin madara da aka huda ƙasansa, da ƙasa, da ƙwayar wake. Abin ya yi kyau sosai, kafin mako ya zagayo waken ya tsiro, suna rige-rigen zuwa da safe suna ihun "My leaf! My leaf!" Seed, water, sun, leaf duk sun kama. Amma ranar farko na raba waken a hannunsu na juya ɗebo ruwa, kafin in dawo wata yarinya ta cusa ɗaya a hanci. Ban yi gangancin zaƙulowa ba, muka wuce asibiti aka cire. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Yanzu ni nake riƙe da waken, yaro ya zo gabana ya saka a rami ina kallo, sannan na gaba ya matso. Da yara 34 kada ki yi wannan aikin ke kaɗai, ki nemi mai taya ki ko da nani ce.

Uwar Ɗaki, Kaduna
Ƙari a kan na Maman 'Yan Biyu. Mu Jolly Phonics muke bi, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa, sautuka 42, rukunin farko s, a, t, i, p, n. Wannan p ɗin shi ne ciwon kan yaranmu, domin a Hausa ba mu raba shi da f, sai ki ji pan ya koma fan. Na samo gashin kaza na wanke, kowa ya riƙe ɗaya a gaban bakinsa. In ya haɗe leɓɓa ya ce p sai gashin ya yi tsalle, in f ce sai ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Na kawo kasko da maficin kaba, in na ce pan su taɓa kasko, in na ce fan su yi fifita. Dariya kamar me, amma sun bambance.

Baban Ummi, Gusau
Ni uba ne, ba malami ba, ku yi haƙuri na shigo. Gaskiya da farko raina ya ɓaci da 'yata ta dawo da yunifom duk laka, littafinta kuma babu rubutun ranar. Har na shirya zuwa makarantar in yi faɗa. Da daddare muna cin tuwo ta ɗaga cokali ta ce "spoon", ta nuna kofi ta ce "cup", ta bi kayan gabanmu ɗaya bayan ɗaya. Ban je ba. Roƙona ɗaya, ku riƙa sanar da mu ranar laka mu saka musu tsofaffin kaya, sabulu ya yi tsada.

Hajiya Tsohuwar Hedimistires, Sakkwato
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: kada a hana yaro Hausa a lokacin waɗannan wasannin. Na ga inda ake cin tarar ɗan shekara huɗu don ya ce "ruwa", ƙarshenta ya daina magana gaba ɗaya. In ya ce albasa, ki ce masa eh albasa ce, da Turanci onion, ki miƙa masa ya shinshina. Ke kuma mai tambaya, 34 sun yi yawa a tabarma ɗaya, ki raba su gida uku.

Antin Nazare 2, Zariya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, zan raba su. Kasuwa zan fara ranar Litinin in sha Allah, wake kuma sai na samu mai taya ni. Saura mai makarantarmu, ita cikar littafi take dubawa duk Juma'a. Maman 'Yan Biyu, ke me kika nuna wa taku a makon da yara ba su yi rubutu sosai ba?