Ƙanina ya gama sakandare, JAMB bai yi kyau ba, ina mafita?

Yayan Abba, Tudun Wada:
Slm jama'a, don Allah shawara nake nema. Ƙanina ya gama sakandare bana, ya ci 162 a JAMB kuma lissafi D7 ya samu a WAEC, shi kuma ya kafe sai kwas ɗin kwamfuta a ABU. Baba ya ce ba zai zuba ido yaro ya shekara yana zaman majalisa ba, gara a kai shi Panteka ya koyi walda, yaron har abinci ya daina ci wlh. Me za mu yi?

Malam na Rigasa:
Wslm. Ku bar zancen makin JAMB tukuna, lissafin nan shi ne matsalar, D7 ba kiredit ba ne. Babu inda za a ba shi kwamfuta ba kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ko foli ne. Ku yi masa rajistar NECO ta waje ko WAEC ta ƙarshen shekara, yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa. Amma a samo mai koya masa da yamma, kar a biya kuɗi kawai a ce Allah ya ba da sa'a, ni ina koyarwa na ga yara da yawa sun maimaita sun sake faɗuwa a abu ɗaya saboda ba wanda ya zauna da su.

Maman Khalifa:
Ɗana ABU ba ƙofa ɗaya gare ta ba fa. In ya gyara lissafin akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ABU ɗin ce ma ke kula da ita, kamar shekara ɗaya ce, in ya ci sosai sai ya cike fom ɗin DE, wato Direct Entry na JAMB, ya shiga aji biyu kai tsaye. Ko ya yi ND, wato ƙaramar difloma, a foli kamar Kadpoly ko Nuhu Bamalli shekara 2, daga nan ko DE ko ya yi shekarar IT ta koyon aiki ya dawo HND, babbar difloma. Nawa yaron ta Kadpoly ya bi, a wajen IT ɗin ya haɗu da wanda ya ɗauke shi aiki. Kuma don Allah duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo adimishan ku guje shi, in bai fito a CAPS, shafin da JAMB ke tabbatar da adimishan, ba wahala ce ranar zuwa bautar ƙasa.

Injiniyan Panteka:
Ni maganar Baba nake goyon baya, amma ba a matsayin horo ba. Yanzu akwai satifiket na sana'a, NSQ, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da hedikwatarta ke nan Kaduna ita ke kula da shi, ana gwada abin da hannunka ya iya ne. Sai dai tunda kwamfuta ke ransa me ya kai shi walda? A kai shi wajen masu gyaran waya da kwamfuta ko masu haɗa sola, safe shago yamma lesin, kafin shekara ya san ko da gaske yake son abin, kuma yana samun na kati.

Yayan Abba, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Daren nan zan zauna da Baba kan shagon gyaran waya. Mama, kuɗin makaranta fa, bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ya shafi 'yan foli?

Maman Khalifa:
Eh ya shafa, in ta gwamnati ce, amma sai ya samu gurbi tukuna. A fara da lissafin.