Firiza cike da ƙanƙara, ƙasa babu sanyi: gas ne ya ƙare?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Masana firiji, a taimaka mini da haske. Nawa mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, irin wanda ake cewa ba ya tara ƙanƙara. Ɓangaren ƙasa ya daina sanyi, saman kuma yana taɓawa amma ba kamar da ba. Bangon baya na cikin firizar ya yi fari fat, ƙanƙara har ta leƙo ta ramukan iska. Wani lokaci ina jin kar-kar-kar kamar abu yana gogar abu, da na buɗe ƙofa sai ƙarar ta tsaya. Na kashe shi kwana guda, ƙofofi a buɗe, ya dawo garau. Bayan kwana goma ya koma gidan jiya. An ce mini gas ne, a ƙara masa. Haka ne?

Mai Gyaran Sanyi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki bari a taɓa gas ɗin tukuna. Gas na firiji a rufe yake cikin bututu, zagayawa yake yi, ba a ƙona shi kamar na girki balle ya ƙare, sai dai in bututun ya huje. Kuma firijin da gas ɗinsa ya zube ba ya warkewa don an kashe shi kwana guda. Wannan dawowa garau da naki ya yi, ita ce babbar shaida cewa matsalar tana wajen narkar da ƙanƙara.

Ga yadda abin yake. Bayan wancan bangon da kike gani akwai bututun sanyi mai lanƙwasa, jikinsa duk siraran fukafukan alminiyam, da ƙaramar fanka a samansa. Duk sanyin firijin daga nan yake fitowa. Fankar ce ke hura shi cikin firiza, ta tura wani ta wata kafa zuwa ƙasa. Irin wannan firiji yana yin ƙanƙara kamar kowane, sai dai yana narkar da ita da kansa: bayan kwamfureso, wato injin da ke tura gas ɗin, ya yi aiki na awa 6, 8 ko 12, gwargwadon ƙirarsa, sai ya tsaya, wata hita da ke ƙarƙashin bututun ta kama na kamar minti 20 zuwa 30, ruwan ya bi magudana ya fita. In hitar ta daina kamawa, ƙanƙara za ta yi ta hawa har ta toshe tsakanin fukafukan, iska ta rasa hanya. Ƙasa ne ke fara jin jiki domin shi a jikin sama yake samun sanyi. Ƙarar da kike ji kuwa fanka ce ke bugun ƙanƙara, kuma tana tsayawa ne domin buɗe ƙofa yana kashe fankar.

Abin da za a fara yi: a zare fulogi, a kwashe kaya da shantuna, a kwance sukurorin bangon bayan. In ya maƙale kada a fizge shi, akwai wayar fanka a jikinsa a wasu firijin, ga kuma soso mai karyewa. A yi wannan tun ƙanƙarar ba ta narke ba, domin ita ce za ta ba da labari. In ta lulluɓe bututun gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, fara mai kauri, to narkarwa ce ta tsaya. In kuwa dunƙule guda ne a kusurwar da siririn bututu ya shigo, sauran bututun a bushe ba ko raɓa, nan ne maganar gas ko raunin kwamfureso ta taso, wannan kuma aikin mai kayan aiki ne.

Abu uku ne ke riƙe da narkarwar: hitar kanta, ɗan maɓallin zafi da ke manne a bututun wanda masu gyara ke kira baimetal, sai abin da ke ba da umarni, wato taima mai ƙirga lokaci a tsofaffin ƙira, ko allon lantarki da sensa mai jin zafi da sanyi a sababbi. In naki mai taima ne, za a same ta kusa da maɓallin daidaita sanyi, ko ƙasa ta gaba, ko baya kusa da kwamfureso. Tana da ɗan rami mai tsaga. Firiji na aiki, firiza da sanyi, a sa sukurdireba a juya a hankali ta hannun agogo har a ji ƙas, kwamfureso ya yi shiru. A saurara minti biyar zuwa goma. In an ji tsss na ruwa na ɗiga kan abu mai zafi, hita da baimetal lafiyarsu lau, taimar ce ba ta juyawa da kanta. Haka nan in minti 40 suka wuce kwamfureso bai tashi ba, motar taimar ta mutu. In kuwa shiru, ba ɗumi ba ɗiga, sai a koma kan mita, wato na'urar hannu ta awon lantarki.

Ɗalibin Lantarki:
Malam ya gama magana, ni dai in ƙara ta mitar. Komai a auna shi fulogi a zare, kuma a cire wayoyin abin da za a auna daga soket ɗinsu, in ba haka ba mitar za ta karanto ta wata hanyar ta ruɗe mutum.

Hita: a sa mita a kan om, ma'aunin turjiyar waya ga wuta, a taɓa bakunan hitar biyu. Lambar da ya kamata a gani lissafi ne, bolt sau bolt a raba da wat. Hita mai wat 200 a wutar bolt 220 za ta ba da wajen om 242. Mai wat 400 a wutar bolt 120 kuma om 36. Ɗan sama ko ɗan ƙasa ba komai. In mitar ba ta motsa ba sam, wayar ciki ta tsinke, sai sabuwa. Mai gilashi sau da yawa ido ma ya isa, za a ga baƙin tabo a ciki ko tsagewa.

Baimetal shi ne inda mutane ke asara a banza. A cikin ɗumin ɗaki a buɗe yake, wato wuta ba ta ratsa shi, mita ba za ta yi ƙarar da take yi in hanyar wuta a haɗe take ba, kuma hakan daidai ne. Sai ya sha sanyi ƙasa da sifili yake rufewa ya ba hita wuta, ya sake buɗewa in bututu ya yi ɗumi don kada hitar ta gasa robobin ciki. Saboda haka a auna shi tun yana cikin ƙanƙara, ko a cire shi a ajiye a wata firiza mai aiki na minti 20 sannan a auna da sauri. In yana da sanyi ƙarara amma mita shiru, ya mutu. In murfinsa ya kumbura ko ya ɗago, ruwa ya shiga, a canza shi ko da ya yi ƙara. Sabon ya zama lambobin zafinsa ɗaya da na tsohon, suna rubuce a jikinsa.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. An buɗe, ƙanƙarar ta rufe ko'ina, har hitar ba a gani. Ba mu ga taima ba, allo ne a baya. Na manta ban faɗa ba, ruwa yana taruwa ƙarƙashin akwatin ƙasa, kuma daɓen firizar ya yi ƙanƙara mai santsi kamar gilashi. Za a iya ɓamɓare ta da wuƙa a hankali don a kai ga hitar?

Dattijon Makaniki:
A'a, 'yata, ajiye wuƙar nan. Ba wuƙa, ba sukurdireba, ba cokali. Bututun alminiyam ne mai laushi, tsini kaɗan ya huda shi, ki ji fuuu, shi ke nan ƙaramin gyara ya zama babba. Ki duba takardar da ke manne a jikin firijin: in an rubuta R600a, gas ɗin yana kama wuta, kada a kawo kyandir ko wani abu mai harshen wuta kusa. A zare fulogi, a shimfiɗa tawul, a sa kwanon ruwan zafi a ciki a riƙa sauyawa, ko a kunna fankar ɗaki ta fuskanci ciki. In za a yi da draya ta gashi, a kan ƙaramin zafi, daga nesa kamar taƙi guda, hannu na yawo, domin robar bangon tana lanƙwashewa nan da nan, kuma kada ruwa ya taɓa ta.

Ƙanƙarar daɓe mai kama da gilashi daban take da farar ta bututu. Wannan ruwa ne da ya narke ya rasa mafita ya sake daskarewa, wato magudana ta toshe. Ƙarƙashin bututun akwai ɗan kwalbati mai rami a tsakiya. Ƙanƙara ta kan cika ramin har cikin tiyo, kuma ita ce ta ƙarshen narkewa, shi ya sa kashewar kwana guda wani lokaci ba ta isa. A ɗebi ruwan ɗumi da babban sirinji a yi ta ɗurawa, a tsotse wanda ya huce, a sake, har a ji ya zarce. Sai a zaga baya a tabbatar ya sauka a farantin da ke kusa da kwamfureso. A bakin tiyon wasu firijin akwai 'yar roba mai kama da bakin agwagwa, datti kan manne ta. A zare a wanke a mayar, kada a jefar, ita ke hana iskar waje hawa ciki.

Sannan a duba robar ƙofa. A rufe ƙofa a kan takarda a ja. In ta zame ba turjiya, iska mai laima na shiga ta nan, kuma ko hita lafiyayya sai ƙanƙara ta fi ƙarfinta. A gwada duk gefuna huɗu, musamman ƙasa ta wajen hinji.

Mai Gyaran Sanyi:
Gaskiyar Baba. Sai dai in ja hankali, Hajiya: toshewar magudana kaɗai ba ta cika lulluɓe bututu har sama, don haka ko ta buɗe kada a ɗaure bangon sai an gama awo. Mai yiwuwa ruwan da ya narke ranar da kika kashe shi ne ya kwanta a daɓen.

Tunda mai allo ne, bayan hita akwai abu biyu. Na farko fiyus na zafi, ɗan ƙarami cikin farar roba a kan wayar hitar. Shi kullum a rufe yake, da sanyi da ɗumi, in mita ba ta yi ƙara ba ya ƙone. Kada a yarda a haɗe wayar a tsallake shi, shi ne ke tsakanin hita da gobara. Na biyu sensa da ke maƙale a bututun. A auna ta a ɗumin ɗaki, a tsoma kanta a ruwan ƙanƙara minti biyar a sake aunawa: om ɗin ya kamata ya hau sosai, ninki biyu zuwa uku. In bai motsa ba, ko yana tsalle, ita ce. Allo shi ne na ƙarshen zargi, sai hita, fiyus da sensa duk sun ci jarrabawa.

A ɗauki hoton wayoyin kafin a cire komai, a mayar da sensa daidai inda take, a sayi kaya da lambar ƙirar firijin. Bayan an haɗa, a ba shi awa 24 sannan a sa ma'aunin zafi: firiza wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ƙasa kuma digiri 3 zuwa 4. Tunda a baya kwana goma ya yi kafin ya toshe, a jira sati biyu a leƙa ramukan iskar da tocila.