Yaro yana cinye jarrabawar aji duka: lokacin shiga gasar lissafi ya yi?

Uwar Ɗalibi:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan yaro ɗan shekara 11 da yake cin 49 ko 50 cikin 50 a duk jarrabawar lissafi ta bai-ɗaya da ake yi wa ajinsu. Ta yaya za a gane ainihin inda ya kai? Kuma ya dace a sa shi gasar lissafi tun yanzu, ko a jira sai ya shiga babbar sakandare? In ya dace, da wacce ake farawa?

Mai Tsara Jarrabawa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan makin ya nuna cewa yaron ya iya abin da aka koyar a ajinsa, amma bai nuna iyakarsa ba. Jarrabawar bai-ɗaya an gina ta ne don ta bambanta ɗalibai na tsakiya, shi ya sa tambayoyi masu wuya sosai ba su da yawa a cikinta. Kamar sikeli ne da ba ya wuce kilo 50: ko mai kilo 52 ya hau ko mai kilo 80, abu ɗaya allurar za ta nuna. Tazarar 49 da 50 kuwa sau da yawa kuskuren kwafe lamba ne kawai.

Maganin shi ne a ba shi jarrabawar waɗanda suka girme shi. Julian Stanley na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya fara wannan da tsari a 1971, inda ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 zuwa 13 jarrabawar SAT, wadda aka yi don masu shirin shiga jami'a. Yaran da duk suke saman ajinsu sai ga su sun rarrabu, wasu a tsakiya, wasu kaɗan sun haura 700 cikin 800 a ɓangaren lissafi.

Za ki iya yin kwatankwacin haka a gida. Ki samo tsohuwar takardar ajin da ke gabansa da shekara biyu, a ba shi cikakken lokacin da aka rubuta a kanta, ba taimako, ba kalkuleta. Bayan an duba, kada a tsaya kan jimillar maki. A ware tambayoyin da ya faɗi: waɗanda ba a taɓa koya masa darasinsu ba, waɗanda ya san darasin amma hanyar ta ɓace masa, da waɗanda gaggawa ta kayar da shi. Kashi na biyu shi ne mafi amfani, don nan ne aikin yake. In ya sake cinye takardar duka, a ƙara shekara ɗaya sama.

Mai Horar da 'Yan Gasa:

Malam ya yi bayani mai kyau. Ni kuma a ganina shekara 11 ba ta yi wuri ba, sai dai a bi tsani.

Matakin farko shi ne gasar Kangaroo, wadda aka fara a Faransa a 1991 kuma ƙasashe da yawa suke yi a watan Maris. Tambayoyin zaɓin amsa ne, an kasa su zuwa masu maki 3, 4 da 5, kuma kowane rukunin shekaru da takardarsa. Tana gwada wayon tunani fiye da haddar ƙa'ida. Mai kama da ita ita ce AMC 8 ta Amurka, wadda ake yi wa 'yan aji 8 zuwa ƙasa a tsarin makarantunsu: tambaya 25 cikin minti 40, ba kalkuleta, ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, don haka ba a barin gurbi. Ko ba za a zauna mata ba, tsofaffin takardunta suna intanet kuma sun isa horo na tsawon shekara.

Sama da ita akwai AMC 10 da 12: tambaya 25, minti 75. Amsa daidai maki 6, gurbin da aka bari maki 1.5, amsar kuskure sifiri. A nan yara da yawa suke asarar maki saboda ba a koya musu lissafin canki-canka ba. Zaɓi biyar ne, to wanda ya cinka ido rufe zai samu 1.2 a matsakaici, ƙasa da 1.5 na barin gurbi. In ya cire zaɓi ɗaya, sun yi kunnen doki. Sai ya cire biyu cinkar take da riba, don ta zama 2.

Can ƙarshen tsanin ne gasar duniya ta IMO, wadda aka fara a Romaniya a 1959. Kowace ƙasa tana tura ɗalibi shida iyaka. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya uku cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimilla 42. Fannoninta huɗu ne: aljabra, lissafin siffofi, nazarin lambobi da dabarun ƙirge. Ba zaɓin amsa a nan, hujja ake rubutawa daga farko har ƙarshe. Ba a kuma yin rajista kai tsaye, ta gasar ƙasa ake tace wakilai. Nahiyar Afirka ma tana da tata, PAMO.

Uwar Ɗalibi:

Na gode malamai, Allah ya saka da alheri. To awa nawa ya kamata ya riƙa yi a mako, kuma me ya fi kayar da yara irinsa?

Malamar Lissafi:

Hajiya, awa uku zuwa huɗu a mako sun isa a wannan shekarun, a raba su zama uku. Zama biyu na tambayoyi kaɗan masu wuya ba tare da agogo ba, zama ɗaya kuma na cikakkiyar takarda da lokaci, shi ma ba kowane mako ba.

Abin da ya fi kayar da su shi ne sun saba amsa ta zo cikin daƙiƙa talatin. Ranar da tambaya ta ƙi, sai yaro ya ɗauka basirarsa ce ta ƙare, ya ajiye biro. Don haka a kafa doka: ba a duba amsa sai an yi aƙalla minti 20 ana gwadawa a takarda, da ƙananan lambobi, da zane, da jadawali. In an duba, a karanta layi ɗaya ko biyu kawai, a rufe, a ci gaba da kai. Bayan kwana uku a sake warware tambayar daga farko. Wanda ya karanta amsa duka ya gyaɗa kai, yawanci ba ya iya maimaita ta.

Na biyu, kuma nan na ɗan saɓa da masu dogaro da gasar zaɓin amsa zalla: tana saba wa yaro samun lamba ba tare da faɗin dalili ba, ranar da ya isa matakin hujja sai ya rasa ta cewa. Tun yanzu a riƙa sa shi rubuta dalili da cikakkun jimloli. Misali, me ya sa in ka ninka lambobi uku da ke jere, 6 take raba sakamakon ba saura? Gwada 4, 5, 6 da 7, 8, 9 ba hujja ba ce. Hujjar ita ce: cikin kowane lambobi uku a jere dole akwai wadda 2 take rabawa, dole kuma akwai wadda 3 take rabawa. Ko wannan: in aka ninka dukkan lambobi daga 1 zuwa 100, sifiri nawa ne a ƙarshen amsar? Yawancin yara cewa suke yi sifiri 20 ne, don sun ƙirga lambobin da 5 take rabawa. Amsar 24 ce, saboda 25, 50, 75 da 100 kowacce tana ɗauke da 5 sau biyu. A ajiye littafi na musamman da zai riƙa rubuta irin wannan tuntuɓen da dalilinsa.

Ki kuma lura da saurin hannu. Akwai yara masu zurfin tunani da minti 40 ba ya isarsu, makinsu a gasar gaggawa ya fito ƙasa da iyawarsu. In kin ga yana warware tambayoyin ƙarshe na takarda idan ba agogo amma yana kasa kaiwa gare su idan da agogo, kada a matsa masa da horon gudu. A karkata da shi wajen tambayoyin hujja, inda tambaya ɗaya take da awa ɗaya da rabi.