Fina-finan dajin Amazon: gata ne ko cutarwa?

Bala: Jiya na sake kallon The Emerald Forest, fim ɗin John Boorman na 1985, wanda ɗan injiniyan madatsar ruwa ya tashi a hannun wata ƙabila a dajin Amazon. Ni dai na ce gata irin waɗannan fina-finan suka yi wa mutanen dajin. Ba don su ba, wa zai san da zamansu?

Hajiya Rabi: A san su a matsayin wa, Bala? Ƙabila biyu aka nuna: ɗaya ba ta da aibi ko kaɗan, ɗaya masu cin naman mutane. Ina mutum na tsakiya, mai bashi, mai rigima da maƙwabci?

Bala: Hajiya, ai yabo ba ya cutarwa.

Hajiya Rabi: Yana cutarwa mana. Idan ka saba ganinsu tsirara da gashin tsuntsu, ranar da ɗayansu ya shigo kotu da wando da waya, sai masu gonakin shanu su ce ai wannan ba ɗan asali ba ne, me zai yi da fili? Da wannan hujjar ake neman ƙwace musu ƙasa a Barazil. Abin nan na ci mini rai.

Malam Sani: Ina tare da Hajiya. Ƙabilar Kayapo su suka yi taro a garin Altamira na Barazil a 1989 don hana gina madatsa a kogin Xingu, har wata mata Tuíra ta ɗora adda a kumatun jami'in kamfanin lantarki. Kuma a cikinsu ne wasu shugabanni suka sayar da katako, suka karɓi kuɗin masu haƙar zinare. Duka biyun sun faru, kuma ƙasar tasu ce.

Bala: Amma Malam, tausayin da fim ke jawowa fa? Bayan fim ɗinsa Avatar, James Cameron da kansa ya je Xingu a 2010.

Malam Sani: Ya je, aka kuma gina madatsar Belo Monte a kogin.

Zainab: Yaya Bala, tausayin nan bai tsare ƙabilar Yanomami ba. A Janairun 2023 sai da gwamnatin Barazil ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyarsu, saboda masu haƙar zinare sun gurɓata koguna, ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro. Ni na fi son a ba su kyamarar. Davi Kopenawa, jagoransu, da shi aka rubuta wani fim da ya fito a 2021.

Bala: To shi ma in ya nuna mutanensa da kyau, za ku ce ƙarya ne?

Zainab: Shi a can yake kwana, Yaya. Turo lambarka in aiko maka fim ɗin, ka kalla mu dawo kan maganar.