Neman shawara: mu ƙarasa kallon Kingdom Hospital ko mu haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙanwata muka fara kallon Kingdom Hospital, shirin nan na marubucin labaran ban tsoro Stephen King da tashar ABC ta Amurka ta nuna a 2004. Labarin wani asibiti ne a garin Lewiston na jihar Maine, wanda aka gina a filin wata masaƙa da ta ƙone da yara ma'aikata a ciki, fatalwar wata yarinya Mary tana yawo a cikinsa. Mun kai kashi na 5. Damuwata, ƙanwar tawa ɗalibar aikin jinya ce, sati mai zuwa za ta fara aikin dare. Jiya ko banɗaki ta kasa zuwa sai da na raka ta, amma ta nace sai ta ga ƙarshe. In hana ta? Kuma kashi 13 kawai na samu, akwai saura?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Babu saura, Yaya, zango ɗaya aka yi. Amma labarin ya kai ƙarshe, ba a bar shi a rataye ba. Ni dai ku ƙarasa. Yarinyar ba muguwa ba ce, taimako take nema, kuma idan ƙanwarki ta gane haka tsoron zai ragu.

Amsa ta biyu: Shekara tara ina aikin dare. 'Yar uwa, ki ɗauke mata shi sai ta saba. Ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, kina riƙe da tocila, mara lafiya na nishi a gadon ƙarshe, duk abin da kika kalla dawo miki yake. Mai tsoro ba ta zuwa duba ƙarin ruwa a kan lokaci, majinyaci ne zai cutu. Ta riƙe azkar ɗinta, ta zauna kusa da babbar nas.

Amsa ta uku: Ki nuna mata ƙirƙira ce. Daga shirin Riget na darakta Lars von Trier na ƙasar Denmark, na 1994, aka kwaikwayo shi. Mai zanen da mota ta buge a kashi na farko kuwa, haɗarin da King ya yi da kansa ne a 1999.

Mai tambaya: Na gode. Mun yi magana da ita, za mu ajiye shi sai ta gama satin farko, sannan mu ƙarasa da rana.