Muhawara: zaman natsuwa zai iya da ciwon bayan mai shan tiramol?

Mai Adaidaita, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta turo mini wani sauti, wai in na riƙa zama shiru ina bin numfashina, ciwon bayana zai lafa har in rage tiramol. Shekara huɗu ke nan ina fama. In na yi sawu biyar daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, da ƙyar nake ruku'u da Magariba. Numfashi kuma? Ai tun ranar da aka haife ni nake yin sa.

Malamar Jinya, Samaru: Wa alaikumus salam. Ka ba ni dariya. Zaman natsuwan nan horo ne na mako takwas, wani masani Jon Kabat-Zinn ya fara shi a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979. Ana koya maka ka lura da ciwon: ina yake, suka ne ko zafi ko nauyi, ba tare da ka ɗaure jiki kana "na shiga uku" ba. Fargaba tana sa naman baya ya ƙage, ciwon ya ƙaru, hannu ya tafi aljihu neman ƙwaya.

Ɗalibin Harhaɗa Magunguna: Anti, a faɗa masa duka. A 2025 an fitar da binciken mutum 770 masu ciwon baya da ke kan irin waɗannan magunguna. Rabi suka yi horon natsuwa, rabi suka yi zaman gyaran tunani da ɗabi'a. Duka sun samu sauƙi, amma ba wanda ya kayar da wani. Kuma babu rukunin da aka bari haka nan, to wa ya san ko kulawar da aka ba su ce ta yi aikin?

Malamar Jinya, Samaru: Ƙanena, ka yi gaskiya, amma ka tsallake na 2016 a birnin Seattle na Amurka. Mutum 342, kuma akwai waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Bayan wata shida, kusan 60 cikin ɗari na masu horon sun fi iya harkokinsu, su kuwa 44. Na wani masani Eric Garland a jihar Utah ta Amurka, 2022, shi ya fi shafar ɗan'uwanmu: bayan wata tara, 45 cikin ɗari na masu horon natsuwa sun daina shan maganin ba bisa ƙa'ida ba, ɗaya rukunin da aka yi wa zaman tattaunawa 24.

Baba Malam, Cikin Gari: Ni dai tambayata, mu da muke da zikiri da wuridi, me ya kai mu aron natsuwa a wajen Bature? Ance ma asalin abin daga mabiya Buddha ne.

Malamar Jinya, Samaru: Allah ya gafarta Malam, can asalinsa yake, amma wanda ake yi a asibiti ba ibada a cikinsa. Mai zikiri zuciyarsa na wajen Ubangiji. Wannan kuwa ciwon ake sa ka fuskanta. Ba su hana juna ba.

Baba Malam, Cikin Gari: To, ban dai gamsu ba tukuna.

Mai Adaidaita, Tudun Wada: Ke nan gobe in watsar da ƙwayar in zauna a tabarma?

Malamar Jinya, Samaru: Kul! Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke lokaci guda, sai zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Likita ne zai rage maka sannu a hankali. Ka je asibitin koyarwa na Shika a duba bayan, ka nemi sashen gashin ƙashi. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari na kufce maka, ko kwana kada ka yi.

Ɗalibin Harhaɗa Magunguna: Yaya, wace iri kake sha ma? Mai lamba 50 da 100 aka amince da su a Najeriya. Mai 225 ɗin nan ta bayan fage ce, kuma yawan tiramol na jawo farfaɗiya. Ka ga mutum a kan sitiyari da fasinja.

Mai Adaidaita, Tudun Wada: Wannan sai dai ta waya, ba a taro ba. Na dai gwada zaman ɗazu a bakin kasuwar Sabon Gari, minti biyar, ido rufe. Wata Hajiya ta ɗauka barci nake, ta hau keken na bayana.